Riesling: abin da gangaren Mosel ya koya mini

Duk wanda ya karanci noman lambu a Jamus, ko ba daɗe ko ba jima sai ya haɗu da Riesling. Farin inabi ne da ake yin giya da shi, mai ƙananan 'ya'ya, kore ne har sai ya nuna ya koma ruwan ɗorawa da ɗige-ɗige a fata. Jamus na da kusan hekta 24,000 nasa, kusan rubu'in gonakin inabinta ke nan, kuma babu ƙasar da ta kama ƙafarta. An fara ganin sunansa a rubuce ranar 13 ga Maris 1435, a littafin lissafin wani basaraken Katzenelnbogen da aka saya wa dashensa a Rüsselsheim. Duk da wannan dogon tarihi, in ka ambace shi a wajen Jamus, abin da za ka fi ji shi ne, "Ai mai zaƙin nan ne, mai araha." A wurin mutane da yawa zance ya ƙare ke nan.

Ni ba na shan giya, kuma ba ita ta kai ni can ba. Cututtukan tsirrai nake karanta, sai aka tura ni aikin sanin makama a wata gonar iyali da ke kwarin kogin Mosel, lokacin kaka. Aikina duba ganye, ƙirga curin da funfuna ta kama, da auna suga da tsami a ruwan 'ya'yan. Abin da na sa a baki bai wuce 'ya'yan da ɗanyen ruwansu ba. Hakan ya ishe ni gane cewa bambancin da masu sha ke ta musu a kansa, a gona ake yanke mafi yawansa, tun yis bai taɓa ruwan ba.

Gonakin Mosel a jikin tsauni suke. Akwai wata, Calmont, kusa da ƙauyen Bremm, da gangarenta ya kai wajen digiri 65. Tamu ba ta kai haka ba, amma in bokiti ya kuɓuce maka, sai dai ka bi shi da ido. Ƙasar kuwa ba ƙasa ba ce sosai, dutse ne baƙi mai falle-falle da ke zamewa ƙarƙashin takalmi. A tsofaffin gonaki kowace kuringa da sandarta, an lanƙwaso rassa biyu an ɗaure su kamar zanen zuciya. Mota ba ta hawa, sai wani ƙaramin keke mai bin layin ƙarfe ɗaya da ke ɗaukar kaya. Dalilin wannan wahala shi ne sanyi. Yankin ya yi arewa sosai, Riesling kuma ba ya nuna da wuri. Gangaren da ya fuskanci kudu yana kama rana, dutsen yana riƙe zafi ya sake shi da dare, shi ya sa inabin ke iya kaiwa har Oktoba, wani lokaci Nuwamba, yana tara suga a hankali ba tare da ya zubar da tsaminsa ba.

Kowace safiya mai gonar, dattijo ne mai ƙarancin magana, yakan miƙo mini wata 'yar na'ura mai kama da tocila. Ka matse ƙwaya ɗaya a kan gilashinta, ka ɗaga sama ka leƙa, sai ka ga layi ya tsaya a kan wata lamba. Jamusawa da ma'aunin Oechsle suke lissafi, sunan wani maƙerin kayan awo na garin Pforzheim. Dokar 1971 ta ɗora matakan giyarsu a kan wannan lambar: Kabinett na farawa daga wajen 70, sai Spätlese na tsinkar baya, sai Auslese da ake zaɓen curi ɗaya-ɗaya, har zuwa Trockenbeerenauslese da ke buƙatar 150 ko fiye. Abin da ya ɗaure mini kai da farko shi ne duk waɗannan daga layin kuringa ɗaya za su iya fitowa. Mukan shiga gona guda mu tsinki wani kaso, mu bar saura, bayan kwanaki mu dawo mu sake zaɓa. Kuringa ɗaya ce, amma ruwan farko na ƙamshin ɗanyen tuffa da lemon tsami, na baya kuma ya koma wajen zuma.

Lambar nan kuma sugan da ke cikin 'ya'ya a ranar tsinka kawai take faɗa, ba ta faɗin abin da zai rage a kwalba. Yis ne ke cinye suga ya mayar da shi barasa. In an bar shi ya cinye kusan duka, giyar ta fito ba zaƙi, a rubuta mata trocken, kuma doka ba ta yarda sugan da ya rage ya wuce giram 9 a lita ba. In an sanyaya tanki an tsayar da yis a tsakiya, zaƙi ya rage, barasa kuma ba ta da yawa, wani lokaci kashi 8 cikin ɗari kacal. Mai gonarmu yana yin iri biyun daga girbi ɗaya, kuma ya ce Jamusawa kansu marar zaƙin suka fi saya a wurinsa.

Darasin da ya fi zauna mini shi ne na tsami. Wata rana ya ba ni ruwa kofi biyu ya ce in faɗi wanda ya fi suga. Na zaɓi wanda ya fi cika baki. Da muka auna, sugansu kusan ɗaya ne, tsamin ne ya bambanta. Duk wanda ya taɓa dama kunun tsamiya ya san wannan: cokalin sugan da zai gundure ka a ruwan banza, a kunu mai tsami daidai yake zama. Riesling na cikin fararen inabi mafiya tsami, shi ya sa yake ɗaukar zaƙi mai yawa bai zama sirop ba, shi ya sa kuma kwalbarsa ke iya shekaru gommai ba ta lalace ba. Na tambaye shi, "Maigida, to me ya sa doka ta fi kula da suga?" Ya ce suga ya fi sauƙin aunawa, shi ke nan. A ganina gaskiya ya faɗa, kuma wannan gajeriyar hanya ta taimaka wajen sa duniya ta riƙa kallon inabin ta fuskar zaƙi kaɗai.

Sai funfuna, wadda ita ce ainihin fannina. A aji an koya mana Botrytis cinerea a matsayin abokiyar gaba: tana ruɓar da tumatir, da latas, da inabi. Haka take kuwa. In ta kama curi tun yana ɗanye ana ruwan sama, komai ya zama toka-toka mai wari, mu yanke mu zubar. Amma in 'ya'yan sun riga sun nuna, hazo ya taso daga kogi da safe, rana ta busar da shi da hantsi, sai funfunar nan ta huda fata da ƙananan ramuka, ruwa ya tsere, ƙwayar ta motse ta koma launin ƙasa, suga da tsami su taru a ɗan abin da ya rage. Na riƙe irin wannan curi a hannu: gefe ɗaya ƙwayoyi kore-kore masu sheƙi, gefe ɗaya motsattsu da gashin toka a jikinsu. Wata mata 'yar Romaniya da ta daɗe tana zuwa girbi ita ta nuna mini yadda ake rarrabewa. Ka shinshina, in ka ji warin binega ka yar, in ka ji ƙamshin zuma da busasshen 'ya'yan itace ka sa a ƙaramin bokiti daban. Hancinta ya fi na'urata sauri. Jamusawa na ba da labarin cewa a 1775 manzon da ke kawo izinin girbi daga Fulda zuwa gonar Schloss Johannisberg ya makara, inabi ya ruɓe a jiki, aka matse shi haka nan, sai ya fi na kowace shekara. Ko ma yaya labarin yake, a gona na ga cewa ƙwayar cuta ɗaya na iya zama asara ko riba, gwargwadon nunar 'ya'ya da yanayin mako guda. Tun daga nan na daina rubuta "akwai Botrytis" kawai a rahoto, sai na haɗa da matakin nuna da yanayin sama.

To daga ina mummunan sunan ya fito? A ƙarshen ƙarni na 19 Riesling na kwarin Rhine da Mosel yana gogayya da manyan giyoyin Bordeaux na Faransa wajen tsada. Bayan yaƙin duniya na biyu aka koma neman yawa. A shekarun 1970 da 1980 Jamus ta cika kasuwannin Ingila da Amurka da wata giya mai suna Liebfraumilch, mai zaƙi, mai araha, a doguwar kwalba siririya. Mafi yawan abin da ke ciki Müller-Thurgau ne, wani irin inabi da aka haɗa a Geisenheim a 1882, mai saurin nuna, mai yawan 'ya'ya, mai ƙarancin tsami. Mai saye ya ga doguwar kwalba da rubutun Jamusanci, sai ya yi wa kowa kuɗin goro. Ga kuma masu aron suna: Welschriesling ba dangin Riesling ba ne, abin da aka daɗe ana kira Cape Riesling a Afirka ta Kudu kuwa inabin Crouchen ne. Abin na ba ni takaici, domin na ga gumin da ake zubarwa a gangaren nan.

A wasu wuraren fuskarsa daban ce. Alsace ta Faransa na bayan duwatsun Vosges da ke tare ruwan sama, nata ya fi nauyi kuma galibi ba zaƙi. A kwarin Clare da Eden na Ostireliya ba zaƙi ko kaɗan, ƙamshin lemon tsami ne zalla, kuma saboda zafin rana yakan yi saurin fitar da wani ƙamshi mai kama da kananzir, daga sinadarin da ake kira TDN. Wasu na gudunsa, wasu shi suke nema.

Abin da ke damun manoman Mosel yanzu ya juya. Kakanninsu suga suke roƙo, su kuma tsami suke ƙoƙarin tsarewa, domin zafi ya ƙaru, girbi na zuwa da wuri. Eiswein, giyar da ake tsinkar inabinta da asuba 'ya'yan na daskare a sanyin digiri 7 ƙasa da sifiri, ya zama caca: a hunturun 2019 zuwa 2020 kusan ba a same shi ba a duk Jamus. Gonakin gangare kuma na cin awannin aiki ninkin-ba-ninkin na fili, matasa na barinsu, har gonakin inabin yankin suka ragu daga sama da hekta 12,000 zuwa ƙasa da 9,000. Kusa da mu akwai wadda ƙaya ta cinye, sandunan na tsaye babu kuringa. Mai gonarmu ya daina cire ganye a ɓangaren da rana ke duka da yamma, don inuwa ta kare 'ya'yan. Kafin in tafi ya kai ni wani fili can sama a bakin daji, mai sanyi, wanda ya ce mahaifinsa ya ƙi karɓa ko a kyauta saboda inabi ba ya nuna a wurin. Ya saye shi, kuma Riesling zai dasa.