Kafin a sayar da fili a tura ka mastas

Ɗan ƙanwata ne ya turo min takardar admishin a WhatsApp, wai wata jami'a a Ingila ta ɗauke shi mastas a fannin hulɗar ƙasa da ƙasa, wani ejan ne ya yi masa hanya. "Kawu a sa mu a addu'a, saura kuɗin difozit." Na ce to in ka gama ina kake son aiki, ya ce Majalisar Ɗinkin Duniya mana. Na ce wane ɓangare, ɓangaren abinci ko 'yan gudun hijira ko lafiya? Shiru. Yaron da jiya-jiyan nan ya gama bautar ƙasa.

Wallahi raina ya ɓaci, don hanyar da na bi kenan sak a 2011. Ni ma ejan ne ya zaɓar min makaranta, ban san cewa jami'a ce ke biyansa kamisho a kan duk wanda ya kai ba, ni a zatona so na yake. Baba ya sayar da filinsa na bayan gari, ranar da ya miƙo min kuɗin a cikin ledar baƙa ko ƙirgawa bai bari na yi a gabansa ba. Ban tambayi ina waɗanda suka gama kwas ɗin suke aiki ba, ban tambayi ko akwai tura ɗalibai koyon aiki ba, hoton ginin na gani a ƙasida na ce shi kenan. Shekara ɗaya tal kwas ɗin, kafin ka san hanyar laburare an ce kawo taken bincikenka. Kuma a watan Afrilun 2012 gwamnatinsu ta rufe bizar da ke barin ɗalibi ya zauna shekara biyu ya yi aiki bayan karatu, ita kuwa na dogara da ita.

To amma fa a yi min adalci. Lokacin waye zai faɗa min? A danginmu babu wanda ya taɓa hawa jirgi in ba na Hajji ba. Kuma ba zan ce ban ƙaru ba, na koyi rubutu, na koyi yadda ake gardama da malami ba a zagi uban kowa ba. Sai dai da na dawo na fara cike fom, nan na ga gaskiya. Matakin aiki na P-2 a Majalisar yana neman gogewar aiki shekara biyu, P-3 shekara biyar, ni ko rana ɗaya babu. Sannan Faransanci. Turanci da Faransanci su ne harsunan aiki a sakatariyar Majalisar, ECOWAS da ke nan Abuja tana aiki da su har da Fotugis, Bankin Raya Afirka yana Abidjan. A wata intabiyu wata 'yar Damagaram da ta yi karatunta a Yamai ta wuce ni ina kallo, ta yi shekaru tana aikin tamowa a ƙauyuka, ga harshe biyu a bakinta ban da Hausa. Ni Katsina zuwa Maradi tafiyar nawa ce, amma ko gaisuwa ban iya da Faransanci ba.

Na yi niyyar rubuta muku, ku matasa, shawarwari goma, amma ku ɗin ma karantawa kuke? Bidiyon wani yana tsaye cikin dusar ƙanƙara ya fi muku. Ku fara aiki tukuna, ko da ƙungiyar agaji ce a Maiduguri, shekara biyu. Ita kanta Chevening, tallafin karatu na gwamnatin Birtaniya, sai da gogewar shekara biyu take ɗauka, kuma sai ka koma gida bayan ka gama. Ku nemi tallafin karatu na Commonwealth, ku nemi na Erasmus Mundus, ku nemi na DAAD ta Jamus, yawancin jami'o'in gwamnati a Jamus ma ba kuɗin makaranta. Kar wanda ya taɓa filin ubansa, balle tun da aka saki naira a 2023 kowa ya ga yadda ɗalibai suka kasa biyan ragowar kuɗi.

Kuma kar sunan makaranta ya ruɗe ku. Ko da yake, gaskiya, suna yana aiki, wanda ya fito daga Sciences Po ta Paris ko Graduate Institute ta Geneva, ofisoshin ƙungiyoyin duniya suna bakin ƙofarsa, malaminsa ma da waya ɗaya zai haɗa shi da mai ɗaukar aiki. In irin wannan ka samu kuma da tallafi, tafi gobe, kar ma ka jira shekara biyun da na ce. In kuwa wadda ejan ya zaɓo maka ce, nemi mutum uku da suka gama kwas ɗin ka tambaye su ina suke yanzu, sannan ka je Alliance Française, cibiyar koyon Faransanci, ka yi rajista kafin ka ƙara yi wa uwarka maganar difozit.