Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Shekarar da Biki Ya Tsaya a Yamai

Makon jiya na tsaya a inda waya ta zame mini gona. Zuwa farkon 2020 mabiyana a Facebook da Instagram sun haura dubu talatin, kuma babu Asabar ko Lahadin da za ta same ni a gida. Mai kwalliya ta gyara mini fuska kyauta don in ambaci sunanta, tela ya ɗinka mini shadda, mai humra da turaren wuta ta ba ni jika goma in ɗora kayanta kwana uku. A wata mai albarka nakan haɗa jika ɗari da hamsin. In aika wa Inna talatin a Tawa, in zuba adashi, in sayi forfe na intanet, saura in ba Gwaggo na cefane.

Daren 17 ga Maris muna tsakar gida a Bukoki, ni da Gwaggo da yaranta, shugaban ƙasa Mahamadou Issoufou ya fito a talabijin. Za a rufe iyakoki da filayen jirgin sama, za a rufe makarantu, an hana taron jama'a. Bayan kwana biyu aka sanar da mutum na farko da ya kamu da korona a ƙasar. Kafin watan ya ƙare an sa dokar hana fita daga ƙarfe 7 na yamma zuwa 6 na safe, an killace Yamai, ba shiga ba fita.

Gwaggo ta dube ni ta ce, "To ɗiyata, ke da tukunyarki ke bisa murhun biki, yanzu mi za ki yi?" Na ce mako biyu ne, Gwaggo, zai wuce. Har cikin raina haka na ɗauka.

Cikin kwana goma duk wanda nake yi wa talla ya janye. Wata Hajiya mai shago a Babbar Kasuwa, wadda ta fi kowa riƙe ni, ta aiko mini bokal muryarta a shaƙe: "Ki yi haƙuri ƙanwata, leshin da na zubo don bukukuwan kafin azumi yana nan jibge, ko yadi ban sayar ba. Da mi zan biya ki?" Dama tun watan Agustan 2019 Najeriya ta rufe iyakarta, kayan Kano sun yi tsada. Yanzu kuma hanyar Dubai da ta Sin ta toshe. Wa zai sayi leshi alhali ɗaurin aure ya koma mutum biyar a zaure?

Abin da ya fi ɗaure mini kai a lokacin, mabiya ƙaruwa suke yi. Mutane na kulle a gida, zafin Afrilu na dukan kwano, kuran na zuwa yana tafiya, kowa waya a hannu. Na fara ɗaukar Gwaggo tana kwaɗa kopto ko tana turara dambu, muna hira. Bidiyon da a da mutum dubu biyu ke kallo, sai ga dubu goma sha. Amma ni Facebook bai taɓa biyana ko dala ba. Kuɗina daga aljihun 'yan kasuwa yake fitowa, nasu kuma daga aljihun uwar amarya. Kowane bidiyo forfe yake ci, ba ya mayar da komai. Na sayar da zoben zinarin da na saya da kuɗin tallata na farko, na biya zubin adashi na wata biyu.

Sauran 'yan uwana masu wannan sana'a kowa da yadda ya yi. Wata ƙawata ta ɗauko keken ɗinkin mahaifiyarta tana yin takunkumi da ƙyallayen atamfa, ɗaya dala hamsin, kuma wallahi ta fi mu duka rufin asiri. Wani yaro mai bidiyon barkwanci ya koma kai saƙo da babur. Wata ta sayar da wayar gaba ɗaya, har yau ban sake ganinta a intanet ba.

Ga kuma tsoro. Tun farkon Maris aka kama wani ɗan jarida saboda rubutun da ya yi kan wani da ake zargin ya kamu da cutar, a ƙarƙashin dokar laifukan intanet ta 2019. Da aka hana sallar jam'i, matasa suka ƙona tayoyi a Lazare da wasu unguwanni gab da azumi. Saƙonni suka cika mini waya. Wannan ya ce in fito in faɗa wa duniya korona ƙarya ce, wancan ya ce in gaya wa mutane su zauna gida. Na kama bakina, na ci gaba da girki.

A makon farko na azumi wani mutum ya kira ni. Lokacin ko'ina zancen maganin Madagaska ake yi, wanda shugabansu ya ce an haɗa da tazargade. Mutumin ya zo ƙofar gida da kwalabe shida a leda, ruwan ciki ruwan ƙasa-ƙasa, an manna takarda da hoton ganye. Ya ce nasa haɗin ya fi na Madagaska, da tazargade da citta da kanumfari da wasu saiwoyi, kwana uku yana kashe korona. Ya ƙirgo jika ashirin da biyar ya miƙo. Rabon da in riƙe kuɗin talla an yi mako biyar.

Ba zan ɓoye muku ba, ban tambaye shi takardar kowa ba. Na ce a raina ai ganye ne, in bai yi magani ba ba zai yi illa ba. Bayan buɗa baki na yafa gyale, na zauna gaban labulen ɗakin Gwaggo, na ɗaga kwalbar na ce, "'Yan uwa, duk mai tari ko zazzaɓi ya nemi wannan, da yardar Allah ba sai ya je likita ba." Wannan jimlar ta ƙarshe mutumin ne ya ce in ƙara, ni kuma na ƙara. Ko ɗanɗana shi ban yi ba.

Gwaggo ta gani da sahur. Ba ta yi faɗa ba, ta ce kawai, "Magana zarar bunu ce, ɗiyata," ta ci gaba da dama furarta.

Ranar 3 ga Mayu aka sanar da rasuwar ministan ƙwadago Mohamed Ben Omar, daga baya aka ce korona ce. Jikina ya yi sanyi. Idan mai wannan matsayi, da lokotoro a kansa, ya tafi, kwalbar leda me za ta yi? Na goge bidiyon a daren. Sai dai abin da ya shiga WhatsApp ya fi ƙarfin mai shi.

Bayan kwana biyu, da hantsi, Inna ta kira daga Tawa. Muryarta har da murna.

"Ɗiyata, na gan ki cikin salular maƙwabta, kina riƙe da maganin nan. Babanki kwana huɗu ke nan shina tari, jikinai zahi. Yayanki ya ce a kai shi likita, na ce a dakata, ga magani wurin ɗiyarmu. Ki aiko muna kwalba biyu."

Baba yana da ciwon suga tun ina 'yar lakwal. Na tsaya riƙe da wayar, bakina ya bushe, ba don azumi ba.

"Inna, don girman Allah ku kai shi yanzu. Kada ku jira komai daga wurina."

"Ba ke kika ce ba sai an je likita ba?"

"Ni na ce, Inna. Kuɗi aka ba ni na ce."

Ta yi shiru har na zaci rezo ne ya yanke. Can ta ce, "To," ta kashe.

Tsakanina da Tawa fiye da kilomita 500, kuma motocin fasinja ba sa fita Yamai. Na kira Yaya sau bakwai kafin ya ɗauka, ya ce suna cikin adaidaita, Baba na jingine a kafaɗarsa, zai kira ni in sun ga lokotoro. Na shiga ɗaki na jawo ledar daga ƙarƙashin gado, kwalabe shida suna nan yadda aka kawo su. Na jingina wayar a kan akwati, na zauna gaban labulen nan dai, ba kwalliya ba gyale mai kyau, na danna ɗauka. Sau huɗu ina farawa kuka na hana ni.

Abin da na faɗa a na biyar, da yadda mai maganin ya biyo ni har gida, da labarin Baba, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.