Tarihin Rayuwata, Kashi na 11: Fitilar da ta ƙi mutuwa

Makon jiya na tsaya a inda Baffa ya karɓe ni aiki a warsharsa, wato garejinsa na gyaran mota, a Jidda, bayan yaƙin Kuwait na 1991 ya lafa. Na so in wuce kai tsaye zuwa maganar aurena, amma akwai wani abu da ya tsaya min a wuya, gara in fitar da shi tukuna.

Baffa, Allah Ya jiƙansa, yana da magana ɗaya da duk yaron da ya zauna a ƙarƙashinsa ya haddace: "Kafin ka taɓa akwati, tambayi ƙofa." Nufinsa, in aka kawo mota fitilar cikinta ta ƙi kamawa ko ta ƙi mutuwa, kada ka yi rawar jiki ka kwance katawut. Katawut shi ne sunan da ake kiran rile a nan Saudiyya, wato makunnin da wuta ce ke kunna shi ba hannu ba, mu ma haka muka tashi muna faɗa. Ka fara zuwa ga ɗan makunnin nan da ke jikin ginshiƙin ƙofa. Wuta tana zuwa wa fitila daga batir ta fiyus dare da rana, ko da makulli yana aljihunka. Abin da take jira kawai hanyar komawa jikin mota, wato ardi. Ka buɗe ƙofa, makunnin ya saki, ya haɗa ta da ƙarfen mota, fitila ta kama. Ƙurar Jidda da gishirin iskar teku kuwa ba abin da suke ci kamar wannan makunni. Sau tara cikin goma maganar Baffa ce ke fitowa. Ban taɓa musun haka ba.

To amma akwai na goman.

Wani Alhaji ne daga cikin mutanenmu na Makka ya kawo wata doguwar mota 'yar Amurka. In ya ajiye ta kwana uku, sai ta ƙi tashi. Yaya Babba, kun san shi ne ɗan farin Baffa kuma shi ke riƙe da makullin warsha, ya ce batir ne. Aka sa sabo. Bayan sati Alhaji ya dawo da fuska a murtuke. Yaya ya ce dinamo. Aka kwance, aka tarar lafiya lau yake caji. Sai a lokacin Alhaji ya ambata, kamar ba komai ba, cewa fitilar rufi ta daɗe ba ta mutuwa, shi ya sa ya tura maɓallinta zuwa kashewa gaba ɗaya. Baffa ya dube ni: "Kai yaro, tambayi ƙofa." Na bi ƙofofi huɗu, na goge, na gwada, na duba wayoyin da ke ratsa robar maƙogwaron ƙofa inda suke yawan karyewa. Ƙofa ba ta da laifi. Na faɗa masa. Ya ce in sake tambayarta.

Irin waɗannan motoci fitilarsu ba ta mutuwa nan take in an rufe ƙofa, sai ta jira kamar daƙiƙa 15 ko 20 ka samu ramin makulli. Abin da ke riƙe ta ɗan akwati ne a ƙarƙashin dashbod. A cikinsa akwai kwandansa da ke cika da wuta muddin ƙofa na buɗe. An rufe, sai ta riƙa zubar da wutar a hankali ta cikin razista, kamar tulu mai ɗan huji, tiransista kuma na riƙe da katawut a kunne har tulun ya ƙare. Ka murza makulli, jiran ya yanke. In zafi ya busar da kwandansa, jinkirin ya gajarce ko ya ɓace. In kuwa tiransista ce ta ƙone a haɗe, ko bakin katawut ya manne, shi ke nan, fitila ta zama ta masallaci.

Da aka tafi sallar magariba na makara da gangan, Allah Ya yafe min. Na cire kan batir na ardi, na sa mita tsakani. Motar da ke barci bai kamata ta ja fiye da miliamfiya 50 ba. Wannan kusan amfiya ɗaya take sha, wato miliamfiya 1,000. Na leƙa ƙarƙashin dashbod, ga ƙananan ƙwayaye biyu na wajen ƙafa suna ci, waɗanda maɓallin rufi bai shafe su ba, da rana kuma wa zai gan su? Lissafa da kanka: amfiya ɗaya, awa 72 na kwana uku, batir kuwa mai iya ba da amfiya ɗaya na awa 70 kawai. Na zare katawut, allurar mita ta faɗi.

Yaya ne ya fara dawowa. Ya karɓi akwatin daga hannuna yana juya shi. Da Baffa ya shigo da Alhaji, abin da na ji kawai shi ne, "Baba, na gano ta." Alhaji ya damƙa masa riyal 50 na alheri. Baffa ya kalle ni, na tabbata ya gane, sai ya ce, "Ka gani? Da ka tambayi ƙofa da kyau, da ita za ta nuna maka akwati." Ban ce uffan ba. Marayan da ke cin tuwon gidan mutum ba ya ja da ɗan gida.

Na tuna da wannan maganar lokacin ambaliyar Jidda ta Nuwamba 2009, ina da warsha tawa a lokacin. Motocin da ruwa ya shanye a unguwar Kuwaiza suka yi ta zuwa, sababbi, waɗanda babu katawut ɗin jinkiri a cikinsu sam, kwamfutar jikin mota ce ke ƙirga daƙiƙun. Ka bar ƙofa a buɗe ma, bayan wasu mintuna ita za ta kashe fitilar don ta tsare batir. Sai na ji bakina yana ce wa yarana su tambayi ƙofa tukuna. Na ji haushin kaina, amma laka ce cike da makunnan, me zan ce musu?

Yaya ya ba da labarin motar Alhaji a walimar auren 'yarsa, ina zaune a gefensa, har da yadda wai ya kwanta a ƙarƙashin sitiyari. Katawut ɗin yana nan cikin durowata. Bara da ya zo gaisuwar sallah ya ɗauke shi, ya ce min, "Wannan na mene ne?"

Mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu, maganar auren.