Abin da tankin jif ya koya mini a gareji

A shekarata ta biyu ina koyon kanikanci na canja wa wata jif famfon mai har sau biyu cikin wata guda. Karon farko Alhajin ya biya bai ce uffan ba. Karo na biyu ya biya yana huci. Da motar ta dawo karo na uku, wannan karon janyo ta aka yi da igiya, maigidana ko kallona bai yi ba, sai ya ce in nemo masa robar ruwa wadda babu komai a ciki. Ya zuƙo mai daga can ƙasan tanki ya cika ta, ya ajiye a kan benci, ya tafi sallar la'asar. Kafin ya dawo man ya rabu gida biyu: fetur a sama, a ƙasa kuma ruwa mai launin shayi, kaurin yatsa biyu, da baƙar laka kwance a gindin robar.

"Kai yaro, famfo nawa za ka sa wa bawan Allahn nan kafin ka leƙa abin da famfon yake sha?"

Ban da amsa. Mun sauke tankin a ranar, muka wanke, muka canja filta, kuma ni ne na kwana da warin fetur a jiki da kunyar Alhaji a zuciya.

A motocin yanzu famfon yana zaune ne tsundum cikin tanki, kuma man da yake turawa shi ne yake sanyaya shi, shi ne kuma yake yi masa aikin maiƙo. Bakinsa yana ƙasa, inda akwai wata 'yar raga mai tace datti. Ruwa ya fi fetur nauyi, don haka can ƙasan yake taruwa, daidai inda famfon yake zuƙa. Ƙaramar mota da ke yawo a kwaltar cikin gari tana iya ɗaukar wannan laka shekara da shekaru ba ta motsa ba. Jif kuwa ita ake aika wa ƙauye, ita ke shiga ramuka da burji, tankinta yana girgiza kamar ƙwaryar nono, duk abin da ya kwanta sai ya tashi ya toshe ragar. Ga nauyin jiki, ga babban inji mai son mai da yawa a lokaci guda. Shi ya sa alamar farko ba a tsaye take fitowa ba. Motar za ta tashi lafiya, ta yi salo lafiya a gareji, amma da an hau tudu ko an taka totur za a wuce tirela sai ta shaƙe, ta yi tari, ta ja da baya. Mai motar ya ce giya ce. Yaron gareji ya ce fulogi ne ko koyil. Ni ma na sha faɗin haka.

Kayan aikin da ya gyara mini tunani shi ne ma'aunin matsin mai, wani ɗan agogo da tiyo wanda kuɗinsa bai kai na famfo ɗaya ba. Jif mai fetur irin wadda muka fi gani tana son matsi tsakanin bar 3 zuwa 4 (bar shi ne awon matsi da agogon ke nunawa). Idan ka ɗaura agogon ka ga allura ta tsaya daidai a salo amma ta faɗi da an ba ta wuta, to mai ne ba ya isowa, sai ka bincika ko filta ce, ko raga, ko famfon kansa. Idan ka kashe mota matsin ya zube nan take, wani wuri yana yoyo, wataƙila nozul ce, wato bakin da ke fesa mai cikin inji, ba ta rufewa, kuma shi ne dalilin da motar ke wahalar tashi da zafi. Kwamfutar da ake jona wa mota don gano matsala tana taimakawa, amma tana ruɗar wanda bai iya karanta ta ba. Lambar P0171 da kwamfutar kan nuna cewa kawai take yi iska ta rinjayi mai, ba ta ce famfo ya mutu ba. Tiyon iska da ya tsage ma yana kawo ta. Na taɓa ganin an sauke tanki cike da mai, aikin rabin yini, ashe fiyus ne ya ƙone.

Farkon Fabrairun 2022 ne lokacin da ba zan manta ba. An shigo da fetur mai sinadarin metanol fiye da ƙima daga Antwerp ta ƙasar Beljiyom, kamfanin NNPC da kansa ya tabbatar, aka janye man daga kasuwa, layuka suka miƙe a gidajen mai na makonni. Metanol yana jawo ruwa, yana cin roba. Amma abin da ya fi kawo mana aiki a lokacin shi ne ƙarancin man da ya biyo baya. Kowa ya koma wajen 'yan bumburutu, ana ɗura mai daga jarkar da jiya aka ɗebo ruwa ko kalanzir da ita, ana tacewa da tsumma. Daga nan na koyi tambayar da yanzu nake fara yi wa kowa kafin in taɓa sifana: "Ranka ya daɗe, a ina ka sha mai na ƙarshe, kuma yaushe motar ta fara wannan halin?" Sau da yawa amsar guda ce.

Bayan cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023 wata cutar ta ƙaru. Mutumin da a da yake cewa a cika, yanzu lita biyar yake sha a tankin da ke cin fiye da lita saba'in. Fitilar mai kullum a kunne. Famfo yana aiki da zafi, a kwana ko gangara man ya gudu gefe guda ya zuƙi iska, har ka fara jin kukansa daga ƙarƙashin kujerar baya kamar na sauro. Ba na ganin laifin kowa, aljihu ne. Ina dai gaya musu kuɗin man daidai yake ko allura tana kwata ko tana ƙasa, in dai za a daure a ɗaga ta sau ɗaya a riƙa ƙarawa daga nan. Wasu su ji, wasu su yi dariya su ce ni ba ni ke sayen man ba.

Sai dai na kusa faɗawa wani kuskuren, na ɗora wa mai da direba kowane laifi. A Janairun 2020 Toyota ta sanar da kiran motoci kusan 700,000 a Amurka su dawo a gyara su saboda famfon mai na kamfanin Denso, kuma kafin shekarar ta ƙare adadin ya haura miliyan uku. A cikinsu akwai Highlander da 4Runner da Land Cruiser da Lexus RX 350 da GX 460, irin motocin da ake shigo mana da su na hannu. Matsalar tana jikin 'yar farfelar roba da ke juyawa cikin famfon: tana shan mai ta kumbura, ta riƙa gugar jikin gidanta har ta tsaya, mota ta mutu ana cikin tafiya. Wannan ba ruwansa da jarka. Mota tana iya barin Amurka ba a yi mata gyaran ba, kuma ana iya dubawa kyauta da lambar jikin mota mai haruffa da alƙaluma 17 a shafin NHTSA, hukumar kiyaye haɗurran hanya ta can. Na jima ina aikin nan kafin in san haka.

Masu jif ɗin gas, wato dizal, kuwa nasu ya fi tsada. Injin dizal na zamani yana tura mai da matsin da ya haura bar 1,500, kuma ɗigon ruwa kaɗan ya isa ya ci nozul da babban famfo. Filtarsu tana da ɗan wurin tara ruwa a ƙasa, da fitila a gaban direba mai nuna ya cika. Zubar da shi aikin minti biyar ne. Na ga direban da ya liƙe fitilar da baƙin salatif don kada maigidansa ya gani.

A kan kayan gyara ba ni da dogon bayani. A kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano za ka samu sabon famfo mai araha, za ka samu na hannu da aka ciro daga wata mota, kuma kwali ba ya faɗin gaskiya. Nakan sa agogo a kan duk wanda na ɗaura kafin in mayar da kujera, kuma ba na ɗaura sabo a cikin tankin da ban leƙa ba.

Makon jiya wani yaro da ke koyo a hannuna ya zo da sauri ya ce, "Oga, jif ɗin Hajiya famfo ne, in je kasuwa?" Na miƙa masa robar ruwan da na gama sha, na ce ya fara cika mini ita daga ƙasan tanki, ya ajiye a kan benci.