Fiksel iri biyu: darasin girman allo ga masu rubuta manhaja a Yamai

Mai rubuta manhaja a Yamai ba shi ke zaɓen allon da aikinsa zai sauka a kai ba. A ofis guda za ka tarar da tsohuwar kwamfuta mai allon fiksel (ɗigon hoto) 1366×768, ga sabuwa mai inci 14 da 1920×1080 wadda Windows kan faɗaɗa rubutu da hotunanta zuwa kashi 150 cikin ɗari, ga majigi a ɗakin taro, ga Tecno da Itel a aljihun ma'aikata.

Tushen matsalar shi ne fiksel iri biyu ne: na lissafi, wanda ake tsara taga da shi, da na zahiri, wato ɗigon da ke haske a gilashi. Ninki ne ke haɗa su, wato adadin da ake ninka na lissafi da shi a sami na zahiri. A Windows, DPI (yawan ɗigo a kowane inci) 96 shi ne kashi 100, 120 kashi 125, 144 kashi 150, 192 kashi 200. Android daga 160 yake kirgawa, saboda haka 320 ninki biyu ne, 480 ninki uku. Allon Retina na Mac ninki biyu ne cif.

Duk tsari a yi shi da fiksel na lissafi, a juya zuwa na zahiri a wuri ɗaya tak, lokacin zane. Wanda ya gauraya su zai ga ana danna maballi a nan, manhaja tana amsawa a can, domin linzamin kwamfuta (mouse) ya zo da ma'auni ɗaya, zane ya fita da wani.

Ninki mai gutsure, irin 1.25 da 1.5, shi ya fi cin rai. Layin tebur mai tsayi 25 a kashi 125 ya zama 31.25. In ka datse kowane layi zuwa 31, layi goma sun ba ka 310, alhali 312.5 ya kamata, sai wata siririyar kafa ta ɓullo a ƙasan tebur. Maganin shi ne a lissafa inda kowane gefe ya faɗa daga saman taga, a mayar da wannan cikakkiyar lamba, ba tsayin ba. Haka zare mai kaurin fiksel 1 a kashi 150: ya zama 1.5, ya fito dishi-dishi, sai an tilasta shi ya zama 1 ko 2.

Kada a karanta ninki sau ɗaya wajen buɗe manhaja a ajiye. Ana jan taga daga kwamfuta zuwa majigi, ninki ya canza. Windows yana aiko da saƙon WM_DPICHANGED tare da girman da ya dace. A karɓe shi, a sake loda haruffa da hotuna. Manhajar da ba ta shaida wa Windows ta san DPI ba, miƙe hotonta kawai yake yi, shi ya sa rubutu ke yin hazo.

Masu aiki da Qt, kayan gina tagogin manhaja, su kula: Qt 5 kan mayar da 1.5 ya zama 2, komai ya kumbura, Qt 6 kuwa yana barinsa 1.5. A burauza, a ninka faɗi da tsayin canvas (filin zane) da devicePixelRatio, wato ninkin allon. Alamomi gara SVG, hoton da ba ya hazo in an faɗaɗa shi. In PNG ne, hoton ɗigo-ɗigo, a tanadi na ninki biyu.

Gwaji ba ya bukatar sayen allo mai tsada. A sa QT_SCALE_FACTOR, saitin ninki na Qt, a 1.25, 1.5 da 2, a duba da rubutun Faransanci, tunda shi ke fara tsinkewa a maballi saboda tsawonsa. Sannan a koma tsohuwar mai 1366×768 a tabbata maballin «Enregistrer» (ajiye) bai nutse ƙasan allo ba.