Mako na tara da ƙwaƙwalwar injin dizal: allo ya ce riba, famfo ya ce a'a

Abokan koyo, sannunku da ƙoƙari. Makonni uku ke nan ban rubuta inda na kwana ba, kuma dalilin kunya ce. Sakamakon da na yi ta murna da shi a baya, ashe allon mota ne ya yaudare ni, kuma ni na koya masa ƙaryar da hannuna.

Ga wanda bai bi ni tun farko ba: injina 1.9 TDI ne, dizal na Volkswagen, mai giya shida, ƙwaƙwalwarsa, wato kwamfutar da ke sarrafa shi, Bosch EDC15 ce. Ba gudu nake nema ba, so nake motar ta rage shan mai a doguwar tafiya kan babban titi. Na karanto fayil ɗin da ke cikin ƙwaƙwalwar ta kafar OBD, inda ake jona kwamfuta da mota a ƙarƙashin sitiyari, girmansa 512 KB, na adana asalinsa wuri uku kafin in taɓa ko lamba ɗaya. Ku ma ku yi haka. Ku kuma jona wa batir caja yayin rubutawa, don in wuta ta yi ƙasa ana tsaka da aiki, motar na iya ƙin tashi har sai an ciro ƙwaƙwalwar an buɗe ta a kan tebur.

To, ga abin da ya faru. A cikin fayil ɗin akwai jadawalin da ke juya yawan man da ƙwaƙwalwa ke son fesawa zuwa tsawon lokacin da nozul zai kasance a buɗe, ana auna shi da digirin juyawar karanshaf. Na ɗan tsawaita waɗannan lambobi, wai don motar ta riƙa amsa totur da wuri in daina sauko da giya a hawa. Na hau titi, na ga allo yana nuna shan mai ya faɗi warwas. Har na fara ganin kaina gwani.

Sai na cika tanki, na yi lissafi da biro. Litar da famfon gidan mai ya zuba ba ta bambanta da ta da ba.

Dalilin mai sauƙi ne da zarar mutum ya gane shi. Babu wani ma'auni a motar da ke ƙirga man da ya wuce ta bututu. Allo yana ɗaukar adadin da ƙwaƙwalwa take zaton ta fesa ne, ya haɗa shi da nisan tafiya. Da na tsawaita buɗewar nozul, sai ƙwaƙwalwa ta ce ta ba da miligiram 16, alhali abin da ya shiga silinda ya fi haka. Ƙafata ta ɗan sassauta totur don riƙe gudu ɗaya, lambar da ke allo ta ragu, man da ya ƙone kuwa yana nan yadda yake. Ƙananan akwatunan ƙara wa inji ƙarfi da ake jonawa tsakanin na'urar auna ƙarfin mai da ƙwaƙwalwa a injina masu layin mai guda, su ma hakan suke jawowa, shi ya sa duk wanda ya nuna mini hoton allo a matsayin shaida yanzu sai in tambaye shi rasit ɗin gidan mai. Na mayar da jadawalin yadda na same shi.

Yadda nake awo yanzu: in cika tanki har famfo ya katse da kansa karon farko, in yi tafiya mai nisa a hanya ɗaya zuwa da dawowa saboda iska da gangare su soke juna, in koma famfo guda in sake cikawa. Tanki ɗaya ba ya isa hujja. Sai uku sun yi magana iri ɗaya nake rubutawa.

Wani lissafi da ya sauko da ni ƙasa shi ne wannan. A ce mota tana shan lita 5 a kilomita 100, tana gudun kilomita 110 a awa, inji na juyi 2000 a minti. Silinda huɗu, feshi 4000 ke nan a minti, kowane feshi bai kai miligiram 20 ba. In an taka totur har ƙasa kuwa, ya haura 50. Ma'ana duk jadawalan da masu neman ƙarfi ke ɗagawa, na iyakar ƙarfin juyi da na iyakar hayaƙi, motar ba ta ko leƙa su a tafiyar da nake yi. Na ɓata mako biyu ina gyara ɗakunan da ba a shiga.

Ɗakin da ake zama a ciki shi ne jadawalin lokacin fara feshi. Idan aka matso da feshin gaba kaɗan, ƙonewa tana faruwa kusa da lokacin da fistin ke ƙololuwa, man ya fi ba da aiki. Masu ƙera mota sun san haka sarai. Suna jinkirta shi ne da gangan, domin zafin ƙonewa na ƙara iskar NOx mai cutar da huhu. Wannan ja-in-ja tsakanin tattalin mai da NOx shi ne tushen badaƙalar maguɗin gwajin hayaƙi ta Volkswagen da hukumar kare muhalli ta Amurka ta fallasa a watan Satumba 2015. Don haka ba kyauta ake samun ribar ba, wani ne ke shaƙar kuɗinta a bayanka. Ni digiri ɗaya kawai na matsar, a yankin juyi 1750 zuwa 2250 da ƙaramin feshi, na kuma daidaita maƙwabtan lambobin don kada a sami tsalle. Muryar injin ta ɗan ƙara kaifi. Bawul ɗin EGR, mai mayar da wani ɓangare na hayaƙi cikin inji don rage NOx, ban taɓa shi ba, kuma ba zan taɓa ba. Toshe shi laifi ne ga motar da ke hawa titi a ƙasashe da dama.

Abu biyu da suka kusa kayar da ni, in faɗa a gurguje. Fayil ɗin EDC15 yakan ɗauki rukunin jadawalai fiye da ɗaya, na giyar hannu daban, na otomatik daban; in ka gyara wanda motarka ba ta karantawa, ka yi aikin banza. Sannan a gyara lambar tantance fayil, wadda ƙwaƙwalwa ke duba lafiyar fayil ɗin da ita, kafin a rubuta, in ba haka ba inji ya ƙi tashi.

Babbar ribar da na samu a makonnin nan ma ba daga kwamfuta ta zo ba. Ina ɗaukar bayanai da VCDS, manhajar binciken motocin Volkswagen, ina kwatanta iskar turbo da aka nema da wadda aka samu a rukuni na 011, sai idona ya faɗa kan zafin ruwa. Bai kai digiri 90 da ya kamata ba ko bayan tafiyar rabin awa. Tamostat, bawul ɗin da ke daidaita zafin ruwan inji, ya tsufa ya maƙale a buɗe, injin yana aiki a sanyaye tun ban san ranar da ya fara ba. Na canza shi, na cika tayoyi daidai da abin da ke rubuce a jikin motar, tankuna biyu na gaba suka nuna bambancin da digirina ɗaya bai nuna ba tukuna. Da na fara da wannan, da ban gina gwaje-gwajen farko kan inji marar lafiya ba.

Sai gudu. Turjiyar iska tana ƙaruwa da ninkin gudu a kansa: daga 100 zuwa 120, ta ƙaru da kashi 44 cikin ɗari. Babu jadawalin da zai biya wannan bashi. Kuma kada son tattali ya sa ku riƙa danna totur a giya ta shida inji na juyi 1300. Kuloci da filawil ne za su sha wahala, garin neman ƙiba a samo rama.

Mako mai zuwa zan mayar da asalin fayil in yi tankuna uku da sabon tamostat, don in sami ma'aunin farawa na gaskiya, sannan in dawo da digiri ɗayan in sake uku. Wanda ya taɓa gwada rage iskar turbo kaɗan a yankin tafiyar titi, ya gaya mini abin da famfo ya ce masa, don shi ne gwajin da ke biye.