Fumfunar da ke kare masara da gyaɗa daga guba

A shekarar 2004, mutum 125 suka rasu a ƙasar Kenya bayan sun ci masarar da gubar aflatoksin ta gurɓata. Wata fumfuna mai suna Aspergillus flavus ce ke fitar da wannan guba. A cikin ƙasar gona take zaune, tana kama masara da gyaɗa tun ba a girbe su ba, musamman idan fari ya galabaitar da shuka ko ƙwari sun huda ta, sannan ta ci gaba da yaɗuwa a rumbu idan amfanin bai bushe sosai ba. Ido ba ya ganin gubar, dahuwa kuma ba ta kawar da ita. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne wadda muke ci kaɗan-kaɗan a tuwo da kunu da ƙuliƙuli, domin tana haddasa sankarar hanta, ana kuma danganta ta da tsumburewar yara.

Maganin da masana na cibiyar binciken aikin gona ta IITA da ke Ibadan suka samar, tare da haɗin gwiwar ma'aikatar gona ta Amurka, daga cikin dangin fumfunar kanta ya fito. Sun gano cewa akwai ire-irenta da ba sa fitar da guba ko kaɗan, sai suka zaɓo guda huɗu daga gonakin Nijeriya, suka lulluɓe ƙwayar dawa da su bayan an gasa ta don kada ta tsiro, aka rina ta shuɗi don kada a ɗauka ta ci ce. Sunansa Aflasafe. Manomi zai watsa kilo 10 a kowace hekta, mako biyu zuwa uku kafin shuka ta yi fure. Da danshi ya taɓa dawar sai fumfunar marar guba ta tashi, ta riga mai gubar mamaye gonar, kariyar kuma tana bin hatsin har rumbu. Gwaje-gwajen gona sun nuna raguwar gubar da fiye da kashi 80 cikin 100.

Cikas ɗin, a ganina, yana kasuwa. Aflasafe ba taki ba ne, ba ya ƙara yawan buhuna, kuma a kasuwannin hatsi irin Dawanau, inda akasari da ido da hannu ake duba kaya, buhun da aka kare da wanda ba a kare ba kuɗinsu ɗaya. Da wuya manomin da ke fama da tsadar taki ya biya kuɗin amfanin da ba zai gani ba. Masu haɗa abincin kaji da masu fitar da gyaɗa waje su ne ke da dalilin gwada hatsi su ƙara farashi, don haka ina ganin ƙungiyoyin manoma su fara ƙulla ciniki da su tun kafin damina ta sauka, a rubuta ƙarin kuɗin a yarjejeniya, a kuma kawo na'urar gwaji wurin awo.